Ɗan Damina da Aji Ɗaya: Tarihin Shekarun Shiga Makaranta a Ƙasarmu

 Ga waɗanda ba su samu sauraron shirin wannan mako ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Maganar yau daga cikin gidanmu ta fito. Ana saura kamar mako biyu a koma makaranta, yayata da ke aure a yankin Faskari ta kira ni. Ɗanta ya cika shekara shida a watan Agusta, da marka aka haife shi. Ita tana so a kai shi aji ɗaya a Satumba. Maigidanta ya ce a bari sai baɗi, yaron ƙarami ne, ko jakar littattafai za ta rinjaye shi. Ita ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuma ya ce sannu ba ta hana zuwa. Da suka kasa daidaitawa sai ta ce, "To kai ɗan boko, raba mana gardama." Na ce, "Yaya, ki ba ni kwana biyu." A kwana biyun nan na koma na bi tarihin abin, domin na lura ban taɓa tambayar kaina ba: wa ya ce shida? Kuma wa ya ce Satumba?

Mu fara da yadda kakanninmu ke lissafi. A ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, da damina ake ƙirga shekara. Za ka ji an ce yaro ya ci damina biyar, ko an haife shi daminar da aka yi kaza. Sunaye ma kan riƙe lokacin haihuwa: Marka, Anaruwa, Nomau, Sallau, Ɗan'azumi. Sai dai sunan yana faɗa maka yanayin da aka haifi mutum ne kawai, ba ya faɗa maka shekarar. Ita shekarar sai a jingina ta da wani abin da kowa ya sani. Har yau akwai dattawan da in ka tambaye su shekarun ɗansu na fari za su ce maka shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wato 1972, ko shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo, wato 1973.

Wannan lissafi ya wadatar da su, domin makarantar da suka sani ba ta bukatar fiye da haka. Makarantar allo ba ta da ranar ɗaukar sabbin ɗalibai. Da yaro ya iya magana sosai, ya iya bin yayyensa, sai a wanke masa allo. Ya fara da haddar gajerun surori, ya shiga babbaƙu, ya wuce farfaru, kowa da inda allonsa ya tsaya. Wanda ya iya nasa ya wanke a ƙara masa, wanda bai iya ba ya maimaita, kuma ba wanda zai ce an bar shi a baya, tunda ba tare aka taso ba. Akwai kuma alamomin girma da iyaye ke dubawa: famfara, wato zubar haƙoran yarinta, da kaciya da aka saba yi wa yara maza da sanyi, da kuma shekara bakwai da addini ya sa a fara umartar yaro da salla. To kun ga a wannan tsari, haihuwar Agusta ko ta Oktoba ba ta da wani tasiri. Matsalar ɗan damina ba ta taso ba sai da aka zo da makarantar da ke tara yara a aji guda, a rana guda, a koya musu abu guda, a yi musu jarrabawa guda.

Wannan makaranta ta shigo Arewa a 1909, lokacin da Bature Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Daga nan elemantare ta riƙa bazuwa zuwa garuruwan hakimai a ƙarƙashin En'e. A lokacin ba iyaye ke kai yara ba, zuwa ake a ɗauka. Hakimi ya sa dagaci, dagaci ya sa mai unguwa, a kawo yara kaza. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin kakannin da aka ɓoye a rumbu ko aka tura ƙauye wajen dangi don kada a kama su. Wanda aka kamo kuma, ba mai tambayar ranar haihuwarsa, domin ba wanda ya rubuta. Sai ka ga ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha ɗaya a benci ɗaya.

Daga nan ne aka samu gwajin da iyayenmu ke ba mu labari suna dariya: yaro ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kai, ya taɓo kunnensa na hagu. In ya taɓo, ya isa shiga. In bai taɓo ba, sai baɗi. Gwajin yana da ɗan tushe, domin kan jariri babba ne idan aka kwatanta da tsawon hannunsa, kuma sai wajen shekara biyar zuwa shida hannun ke yin tsawon da zai kai. Amma ku lura da abin da yake aunawa: jiki yake aunawa. Yaron da ya sha fama da cuta ko ƙarancin abinci, ya tsumbure, zai iya kai shekara bakwai hannunsa bai kai kunne ba, alhali kansa ya isa karatu. Wato ɗan talaka ne gwajin ya fi mayarwa gida.

Wani abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, a da a watan Janairu ake fara shekarar karatu, a ƙare a Disamba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ɗan damina ne, a daminar 1951 aka haife shi, kuma a 1958 ya shiga firamaren Rafukka a Katsina. A wancan tsari ɗan damina yana tsakiyar aji ne a shekaru, 'yan autan aji su ne waɗanda aka haifa da sanyi, Nuwamba da Disamba. A 1973, zamanin Janar Gowon, aka mayar da farkon shekarar karatu zuwa Satumba. Da wannan sauyi sai 'yan Yuli da Agusta suka koma ƙananan aji. Yaro bai canza ba, kalandar ce aka juya.

Sai babbar shekara, 1976. Tun 1974 Gowon ya yi shelar cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, kuma a Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin da kowa ya sani da UPE. Lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 23 ga Satumba 1987 aka yanke Jihar Katsina. Ka'idar ita ce a ɗauki 'yan shekara shida, wato waɗanda aka haifa a 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa. An yi tanadi don yara kimanin miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin takardar haihuwa: ƙananan da ba su kai ba da manyan da suka wuce duk suka shigo tare. Aka rasa azuzuwa, aka koma gindin bishiya, aka ɗauki malaman da aka horar cikin gaggawa. Ƙauyuka da yawa a yankinmu a wannan zamani suka fara ganin firamare. Kuma tun daga lokacin lambar shida ta zauna a kan mutane, ko da kuwa ba a iya tabbatar da ita.

Abin da ya biyo baya gini ne a kan wannan lamba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. In ka shiga da shida, ka gama firamare da goma sha biyu, ka gama sakandare da goma sha takwas. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A 1999 Obasanjo, wannan karon a farar hula, ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi dokarta: shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Dokar har hukunci ta tanada ga uban da ya ƙi kai ɗansa, daga gargaɗi, zuwa tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, zuwa naira 5,000 ko wata biyu. Daga baya aka ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wadda mu muke kira rabin aji. Ku riƙe wannan rabin ajin, za mu dawo kansa.

Yanzu bari mu leƙa waje kaɗan, domin wannan muhawara ta ɗan damina ta fi zafi a Ingila. Tun dokokin 1870 da 1880 suka tsayar da shekara biyar a matsayin lokacin shiga dole, kuma a aikace yawancin yaransu suna farawa ne a Satumban da ya biyo bayan cikarsu huɗu. Yaron da aka haifa 31 ga Agusta zai shiga yana da shekara huɗu da 'yan kwanaki, ya zauna da wanda aka haifa 1 ga Satumban shekarar da ta gabata, wanda ya girme shi da shekara guda ba kwana ɗaya. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa, a jimlace, 'yan Agusta sun fi samun ƙarancin maki a shekarun farko, kuma tazarar tana raguwa yayin da suke girma. Shi ya sa aka ba iyayen yaran da aka haifa tsakanin 1 ga Afrilu da 31 ga Agusta damar neman a jinkirta wa ɗansu shekara ɗaya. A Finlan kuwa sai shekara bakwai ake shiga firamare, bayan shekara ɗaya ta share fage.

In muka kawo lissafin gida, tazarar tana nan. Ɗauki yaron da aka haifa a Oktoban 2018 da wanda aka haifa a Agustan 2019. In aka bi ka'idar shida, dukkansu a Satumban 2025 za su shiga aji ɗaya. Na farko yana da shida da wata goma sha ɗaya, na biyu shida da wata ɗaya. Wata goma a rayuwar ɗan shekara shida ba ƙaramin abu ba ne, a riƙe fensir, a iya zama wuri guda, a jure tafiyar ƙafa. Don haka damuwar mijin yayata ba shirme ba ce. Amma akwai bambanci biyu tsakaninmu da Ingila. Na farko, su ɗan shekara huɗu suke magana a kai, mu ɗan shekara shida. Ɗan autan ajinmu ya girmi nasu da shekara biyu cur. Na biyu, yaron da aka jinkirta wa a can yana zuwa makarantar rainon yara, ana karanta masa littafi, kuma tabbas makarantar tana nan a buɗe baɗi. Mu fa?

A nan ne tarihinmu na kusa ya shigo. A Maris ɗin 2020 aka rufe makarantu saboda korona, aka shafe watanni a gida. An koma ke nan ba da jimawa ba, daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai. A 17 ga wata aka sako 344. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana. A Satumban 2021, daidai lokacin komawa makaranta, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Duniya ta ji labarin sakandaren Ƙanƙara, amma ba ta ji na ƙananan firamaren ƙauyukan da ke bakin daji ba, inda malami ya daina zuwa domin hanya ba ta biyuwa, ko gari ya watse gaba ɗaya mutane suka koma cikin Faskari, Funtuwa ko Ƙanƙara, wasu ma a azuzuwan makaranta suka samu mafaka.

Yi lissafin yaron da aka haifa a daminar 2014 a irin waɗannan ƙauyuka. A Satumban 2020 ya kamata ya shiga aji ɗaya. Korona ta ci wannan. Shekarar da ta biyo, tsoro da hijira suka ci. In Allah ya sa ya samu shiga a 2023, yana da shekara tara, zai gama firamare yana da goma sha biyar. Ba iyayensa ne suka zauna suka zaɓi jinkiri ba, jinkirin ne ya same su. Kuma kowa a nan ya san abin da ke jiran yaro ɗan goma sha uku da ke aji huɗu. Ya isa riƙe fartanya sosai, ya isa kiwo, ya isa tsintar auduga a gonakin Daudawa da Mairuwa don a biya shi, ya isa zuwa kasuwar Sheme ko ta Yankara ya yi dako. Ga kunyar zama da ƙannensa a aji. Idan mace ce lissafin ya fi tsanani: wadda ta shiga da tara za ta balaga tun ba ta gama firamare ba, ga talla, ga masu zuwa zance, ga iyaye da ke ganin aurar da ita ya fi tsare ta a wannan yanayi. Wadda ta shiga da shida kuwa, ta gama firamare da goma sha biyu, aƙalla ta iya karatu da rubutu kafin a fara wannan magana. Abin da masana ilimi suka daɗe suna gani ke nan a ƙasashe irin namu: wanda ya shiga a makare ya fi saurin fita bai gama ba.

Don adalci, akwai ɗaya ɓangaren, kuma mu 'yan boko mu ne masu laifin. A cikin gari, musamman a makarantun kuɗi, gaggawa ake yi. A kai yaro tun yana shekara biyu, ya shiga aji ɗaya da huɗu ko biyar, daga aji huɗu ko biyar a tsallaka da shi sakandare, uba yana alfahari ɗansa ya gama da goma sha huɗu. Ni kaina an yi mini tsallaken aji shida, kuma wallahi na fi shekara biyu ina biyan bashin lissafin da ban koya ba. Wannan gaggawar ce ta kai ga rigimar 2024, lokacin da Ministan Ilimi Farfesa Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, aka yi ca a kansa, daga baya wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. Abin dariya, 18 ɗin da aka yi wa ihu ita ce ainihin lissafin 6-3-3-4. Sai ga shi a jiha ɗaya, wani yana jiran ya cika goma sha shida don ya shiga jami'a, sa'ansa a wani ƙauyen Sabuwa yana aji biyar na firamare, in ma yana zuwa. Ga kuma takardar rantsuwar shekaru ta kotu da ta zama abin gyara: wannan ya ƙara, wancan ya rage.

Bayan kwana biyun na kira yayata, na ce ta ba maigidan wayar mu yi magana mu uku. Na ce masa, "Yallaɓai, maganarka gaskiya ce, yaron zai kasance cikin ƙananan ajinsa, kuma zango na farko zai iya yi masa nauyi." Sannan na tambaye shi abu uku. In ya zauna a gida shekarar nan, me zai riƙa yi da safe? Ya ce zai bi yayyensa gona, da yamma ya je allo. Na ce, ka tabbata makarantar da ke buɗe yau za ta kasance a buɗe Satumba mai zuwa, kuma kuna nan a garin? Ya yi shiru, ya ce wannan sai Allah. Na ce to na uku, mu bar tsawon hannu, mu duba yaron: yana iya faɗar bukatarsa ga baƙo? Yana iya kai kansa bayan gida? Yana iya zama ya saurari tatsuniya har ƙarshe? Yana iya tafiyar da ke tsakanin gida da makaranta tare da sauran yara? Yaya ta ce duk yana yi, har suratan allonsa ya fi yayansa riƙewa.

Na ce to ni a ganina a kai shi. Da a ce bai cika shida ba, ko yana fama da rashin lafiya, ko magana ba ta zauna masa ba, da na ce a sa shi rabin aji ya yi shekara, domin jinkiri a cikin makaranta daban ne da jinkiri a gida. Kuma in aka kai shi aka ga ya kasa, maimaita aji ɗaya ba abin kunya ba ne, ya fi a ce sunansa bai taɓa shiga rajista ba. Na kuma roƙe su abu ɗaya: su je su karɓo masa takardar haihuwa ta gaskiya, shi da ƙanwarsa, tun ana tune da ranar. Su gaya wa malamin aji cewa ɗan Agusta ne, don kada a yi masa tambarin daƙiƙi a kan abin da wata goma za su gyara.

Maigidan bai ce ya yarda nan take ba, ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Ranar Litinin ɗin da aka koma, Yaya ta turo mini hoton yaron cikin rigar makaranta da ta kai masa gwiwa, yana riƙe da hannun yayansa.

Ga 'yan uwa matasa da ke Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da maƙwabta, aikin da ke gabanmu ba mai wuya ba ne a fara. Kowa ya duba gidansu da layinsu, musamman gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, ya ƙirga yaran da suka kai shida, bakwai, takwas ba su shiga ba. Ka je wajen hedimasta ka tambaya ko akwai rabin aji, ka raka uwar da ke jin nauyin zuwa ita kaɗai. A da dagaci ke bi gida gida yana neman yara iyaye na ɓoyewa. Yau iyaye da yawa suna so, rakiya da bayani suka rasa.

Nan za mu dakata a wannan mako. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.